Yadda ake amfani da gwajin ruwan laka wajen gano dajin ƙwaƙwalwa da bibiyar maganinsa

Ƙwaƙwalwa da laka suna zaune ne a cikin wani ruwa garai-garai, marar launi, wanda yake kewaya su dare da rana. A jikin baligi yawansa bai wuce kimanin mililita 150 ba a lokaci guda, amma jiki yana samar da kusan mililita 500 a kullum, wato ruwan yana sabuntuwa sau uku zuwa huɗu a kwana ɗaya. Tun da yake yana wanke tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka, yana kuma ratsa ramuka huɗu da ke cikin ƙwaƙwalwar, duk ƙarin da ya taɓa shi yakan zubar da wani abu nasa a ciki, ko dai ƙwayoyin daji ɗungurungum, ko sinadaran da ƙarin yake fitarwa, ko gutsattsarin DNA na ƙwayoyin da suka mutu. Jini ba ya samun irin wannan rabo, domin akwai shinge tsakanin jijiyoyin jini da ƙwaƙwalwa wanda yake tace abin da zai shiga da abin da zai fita. Shi ya sa gwajin jini yakan dawo babu komai alhali ƙari yana girma a cikin kai.

Wannan bayani an yi shi ne domin majinyata da danginsu da ma'aikatan lafiya masu tasowa, kuma abin da ya fi muhimmanci a cikinsa shi ne cewa ingancin sakamakon ya rataya ne a kan abin da aka yi kafin a soka allurar ɗibar ruwan a gadon baya da abin da aka yi a cikin rabin awa bayan an zare ta. Sokawar kanta tsohuwar sana'a ce, tun 1891 likitan Jamus Heinrich Quincke ya bayyana yadda ake yin ta, kuma mutanenmu sun san ta sarai saboda sanƙarau da ke zuwa da zafin bazara.

Da farko a san tambayar da ake son ruwan ya amsa

Ba kowane ƙarin ƙwaƙwalwa ne ake nema a ruwan laka ba, kuma likitan da ya ce a ɗebi ruwa ya kamata ya iya faɗa wa majinyaci abin da yake nema a ciki. Amfanin gwajin ya fi fitowa a wurare uku. Na farko shi ne dajin da ya taso daga wani sashe na jiki, musamman nono da huhu da dajin fata mai suna melanoma, ya bazu zuwa tantanin ƙwaƙwalwa da laka. Alamunsa sukan zo a warwatse, ciwon kai a nan, gani biyu-biyu a can, karkacewar fuska, raunin ƙafa ko kasa riƙe fitsari, ta yadda babu wuri ɗaya a ƙwaƙwalwa da zai iya bayyana su duka. Na biyu shi ne dajin jini da dajin kaluluwa, wato lukimiya da limfoma, waɗanda suke son ɓuya a bayan shingen nan inda magungunan da aka ba da ta jijiya ba sa isa sosai. A nan ne limfomar Burkitt take, wadda Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958, mai kumbura muƙamuƙi ko cikin yara, kuma tana daga cikin dajin yara da aka fi gani a ƙasashen da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, har da Najeriya. Ba a kammala sanin matakinta sai an duba ruwan laka. Na uku shi ne wasu ƙarurrukan ƙwaƙwalwar yara da matasa, irin su medulobilastoma da ƙarin ƙwayoyin tsiro (wato irin ƙwayoyin da ke zama ƙwai ko maniyyi) da ke fitowa a tsakiyar ƙwaƙwalwa, waɗanda suke yaɗuwa ta bin ruwan.

Giliyoma, wadda ita ce ta fi yawa a cikin dajin da ke tasowa daga naman ƙwaƙwalwar manya, da wuya a ga ƙwayoyinta a ruwan, kuma har yanzu ana tabbatar da ita ne ta hanyar yanko ɗan naman ƙarin a tiyata. Wanda aka ce yana da ita kada ya sa ran allurar baya za ta raba shi da wuƙar likita, sai dai a wasu yanayi na musamman da za a zo kansu a gaba.

Hoto kafin allura

Wannan doka ce da ba a karya ta ga wanda ake zargin yana da ƙari a kai. Ƙoƙon kai rufaffe ne, ba ya buɗewa ya ba ƙari wuri, don haka idan ƙari ya girma ko ya toshe hanyar ruwan, matsi yana taruwa a sama. Idan aka huda ƙasa aka rage ruwa a irin wannan hali, matsin da ke sama zai iya tunkuɗa gindin ƙwaƙwalwa cikin ramin da laka take fita ta ciki, a daidai wurin da ke kula da numfashi da bugun zuciya, kuma mutum na iya mutuwa a cikin ɗan lokaci. Haɗarin ya fi tsanani idan ƙarin yana ƙeya, inda medulobilastoma take fitowa. Saboda haka sai an ɗauki hoton MRI, ko na CT idan shi ne ake da shi, an ga cewa ƙwaƙwalwa ba ta ture gefe guda ba kuma hanyoyin ruwa a buɗe suke, an kuma leƙa cikin ido an duba ko jijiyar gani ta kumbura. Yawan amai da sassafe, da magagi, da raguwar hayyaci duk dalilai ne na dakatawa.

Akwai dalili na biyu da ba a cika faɗa ba. Ɗibar ruwan kanta tana iya sa tantanin ƙwaƙwalwa ya ɗauki hasken maganin da ake yi wa mutum allurarsa lokacin MRI, sai mai karanta hoton ya rasa gane ko daji ne ko tasirin allurar jiya. Ya fi kyau a ɗauki hoton kai da na gadon baya gaba ɗaya tukuna, sannan a ɗebi ruwa.

Bayan hoto sai jini. Ana duba yawan ƙwayoyin da ke daskarar da jini, waɗanda kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin daji, yakan karya su, kuma yawancin likitoci suna son su kai wajen 40,000 zuwa 50,000 a kowace maikirolita kafin su soka allura. Mai shan magungunan tsinka jini, irin su warfarin ko clopidogrel, ya faɗa tun da wuri domin a tsara ranar da zai dakata da ranar da zai koma, kada kuma ya tsayar da su da ra'ayin kansa. Ba a sokawa ta fatar da ke da ƙurji ko maruru. Baligi ba ya bukatar ya zauna da yunwa kafin a yi, sai dai yaron da za a sa shi barci.

Magani guda ya cancanci a tsaya a kansa, shi ne dexamethasone da danginsa. Ana ba da shi domin rage kumburin ƙwaƙwalwa, kuma yana yin aiki da sauri har dangi su ɗauka an warke, shi ya sa hannu yake saurin kaiwa gare shi da zarar an ga ƙari a hoto. Matsalar ita ce yana narkar da ƙwayoyin limfoma a cikin 'yan kwanaki, sai ruwa ya fito wayam, naman da aka yanko ma ya kasa nuna komai, a yi makonni ana lalube har ciwon ya dawo da ƙarfinsa. Muddin ana zargin limfoma kuma ran majinyaci ba ya cikin haɗari nan take, a ɗebi ruwa da nama kafin a fara shi. Idan kuwa an riga an sha, ko da daga kemis aka saya, a faɗa wa likita yawan da aka sha da ranar da aka fara.

Ranar ɗibar ruwa

Majinyaci yana kwantawa ta gefe ɗaya a bakin gado, ya naɗe gwiwoyinsa zuwa ƙirji, ya sunkuyar da kai, domin ƙasusuwan baya su buɗe. Ana iya yi a zaune, amma ba a samun sahihin awon matsi sai a kwance. Likita yana laluben saman ƙasusuwan ƙugu na dama da hagu, layin da ya haɗa su yana ratsawa ta wajen ƙashi na huɗu a jerin ƙasusuwan gadon baya biyar da ke daidai ƙugu, sai ya zaɓi tsakanin na uku da na huɗu ko tsakanin na huɗu da na biyar. Tsoron da ya fi damun dangi shi ne shanyewar ƙafafu, kuma amsarsa tana cikin wannan lissafi, domin a jikin baligi laka tana ƙarewa ne a wajen ƙashi na farko zuwa na biyu, allura kuwa tana shiga ƙasa da nan, inda sai siraran jijiyoyi da ke shawagi a ruwa suna kaucewa. Wani lokaci allurar takan shafi ɗaya daga cikinsu, mutum ya ji wani abu ya tsarga masa ƙafa. Ya faɗa kawai, likita zai gyara hannu.

Bayan an wanke fata an yi allurar kashe zafi, da zarar ruwa ya fara ɗiga, abu na farko shi ne a auna matsinsa da siririn bututu. A lafiyayyen baligi yakan tsaya tsakanin santimita 10 zuwa 20 na ruwa, abin da ya haura 25 kuma ya yi yawa. Wannan awo sau da yawa ana tsallake shi don gaggawa, alhali yana daga cikin abubuwan da ke bayyana ciwon kan mai dajin da ya bazu a tantani, kuma shi ke nuna ko ana bukatar a sa masa bututun rage ruwa.

Daga nan sai yawan ruwan, inda ake yawan yin rowa. Mililita biyu ko uku sun isa a gano sanƙarau, amma ba su isa neman ƙwayoyin daji ba, domin ƙwayoyin ƙalilan ne a cikin ruwan. Ƙa'idar da ƙungiyoyin likitocin daji na Turai suka fitar a 2017 ta ce a ware wa wannan gwaji shi kaɗai fiye da mililita 10 idan zai yiwu, kada kuma ya gaza 5, ban da abin da za a raba wa sauran gwaje-gwaje. Ga baligin da hotonsa ya nuna babu toshewa, jiki yana mayar da mililita 20 a cikin kamar awa ɗaya. A lokaci guda a ɗebi jini don auna suga, saboda sugan ruwan laka ba shi da ma'ana sai an gwada shi da na jini.

Yanzu aka zo rabin awar nan. Ruwan laka ba shi da abincin da zai riƙe ƙwayoyi, suna fara lalacewa da zarar sun bar jiki, kuma ƙa'idar da aka ambata ta ce a fara sarrafa samfurin a cikin minti 30. Ma'anar wannan a aikace ita ce a kira ɗakin gwaje-gwaje tun kafin a fara, a tabbatar akwai wanda zai karɓa, a yi aikin da safe a ranar aiki maimakon yammacin Juma'a, kuma wani ya ɗauki kwalbar da hannunsa ya kai. A ganina, idan asibitin da majinyaci yake ba shi da likitan duba ƙwayoyi, tura majinyacin zuwa asibitin koyarwa, kamar na Kano ko Zariya ko Sakkwato, ya fi a ɗebi ruwan a sa shi a mota ya yi awa huɗu a hanya, domin abin da zai isa can ba zai amsa tambayar ba kuma an sha wahalar allura a banza. A kan takardar a rubuta irin dajin da ake zargi, da magungunan da aka sha, da wurin da aka ɗebi ruwan.

Bayan an gama, abin da ya fi faruwa shi ne ciwon kai da ke tsananta idan an tashi zaune ya lafa idan an kwanta, kuma yakan wuce a cikin 'yan kwanaki. Allura mai bakin fensir tana rage aukuwarsa da fiye da rabi idan aka kwatanta da mai kaifin baki, doguwar kwanciya kuwa bincike bai nuna tana hana shi ba. Idan ya ƙi tafiya, ana iya toshe hudar da ɗan jinin majinyacin kansa. Zazzaɓi, ko sanƙarewar wuya, ko sabon rauni a ƙafa, ko kasa fitsari, waɗannan na komawa asibiti ne nan take.

Karanta sakamako

Lafiyayyen ruwa ba ya wuce fararen ƙwayoyin jini 5 a maikirolita, furotin ɗinsa yana tsakanin miligiram 15 zuwa 45 a desilita, sugansa kuma kusan kashi biyu cikin uku na sugan jini ne. Dajin da ya bazu a tantani yakan ɗaga ƙwayoyi da furotin, ya saukar da suga. Sai dai tarin fuka na tantanin ƙwaƙwalwa ma haka yake yi, ciwon naman gwari da ke kama masu cuta mai karya garkuwar jiki ma haka, kuma a yankinmu waɗannan biyun sun fi daji yawa nesa ba kusa ba. Don haka a raba samfurin a aika wani ɓangare gwajin GeneXpert na tarin fuka da gwajin kiriftokokus, wato naman gwarin nan. Kuskuren yana iya zuwa ta kowace fuska: a ɗora mai daji a kan maganin tarin fuka na watanni, ko a yanke ƙauna ga mai tarin fukan da zai warke.

Abin da ke yanke hukunci shi ne ganin ƙwayoyin daji a madubin likita. Idan ƙwararre ya gan su, da wuya ya zama kuskure. Idan bai gan su ba, maganar ba ta ƙare ba, domin ɗiba ta farko tana kama kimanin rabin masu ciwon ne kawai, ta biyu tana kai adadin zuwa wajen kashi 80 cikin 100, abin da ake ƙaruwa da shi bayan ta uku kuma kaɗan ne. Saboda haka idan likita ya ce a sake, ba gazawa ya yi a ta farko ba, tsarin gwajin ne haka. Ga lukimiya da limfoma akwai na'urar da ke jera ƙwayoyi ɗaya bayan ɗaya ta gaban hasken leza tana karanta alamomin da ke jikinsu, kuma tana kama abin da ido ya tsallake. Idan ana zargin limfomar ƙwaƙwalwa, ana iya ƙarawa da awon sinadarin IL-10 da neman sauyin da ƙwayoyin dajin suka samu a ƙwayar halitta mai suna MYD88. Ga mai cuta mai karya garkuwar jiki kuwa, samun DNA na ƙwayar cutar Epstein-Barr a ruwan yana ƙarfafa zargin.

Jini da ya shiga samfurin saboda allura ta huda ƙaramar jijiya yana dagula lissafi, musamman ga yaro mai lukimiya, domin ba za a san ko ƙwayoyin dajin daga ruwan suke ko daga jinin ba, kuma matakin da aka sa shi ne ke yanke yawan maganin da zai sha. Shi ya sa ɗiba ta farko ta irin wannan yaro ake ba wanda hannunsa ya fi faɗawa.

Medulobilastoma tana da nata lokaci. Tiyata tana barin tarkacen ƙwayoyi a ruwan, don haka ana jira kwana 10 zuwa 14 bayanta kafin a ɗiba, kuma ta gadon baya ake ɗiba, saboda ruwan ƙasa ya fi nuna ƙwayoyin a kan wanda aka zuƙo daga ramukan ƙwaƙwalwa. Samun su yana mayar da yaro cikin rukunin masu haɗari babba ko da hoto bai nuna yaɗuwa ba, kuma hakan yana ƙara ƙarfin gashin haske, wato radiyoterafi, da za a yi wa kai da gadon baya. Ƙarin ƙwayoyin tsiro kuwa shi ne inda ruwan ya fi yin rawar gani, domin wasu nau'o'insa suna fitar da sinadarai biyu, AFP da hCG, wannan na biyun shi ne wanda ake nema a gwajin juna biyu. Idan suka haura iyakar da aka sa a jini ko a ruwan laka, kuma hoto ya dace, ana iya fara magani ba tare da an yanko nama daga tsakiyar ƙwaƙwalwa ba.

Sabon abin da ya shigo shi ne karanta gutsattsarin DNA na ƙarin. A 2015 masu bincike a Basalona da kuma jami'ar Johns Hopkins ta Amurka suka nuna cewa ana samun DNA na ƙarin ƙwaƙwalwa a ruwan laka, na Basalona kuma suka nuna ya fi yawa a can a kan jini. A 2019 cibiyar Memorial Sloan Kettering ta New York ta gwada masu giliyoma 85, ta same shi a 42, galibi waɗanda ciwonsu ya yi nisa ko ƙarinsu ya taɓa hanyar ruwa. Wannan adadi na rabi ya isa ya nuna matsayin gwajin: samu hujja ce, rashin samu ba wankewa ba ne. Inda ya fi amfani shi ne ƙarin da ke wurin da wuƙa ba ta shiga cikin sauƙi, kamar giliyomar gindin ƙwaƙwalwar yara mai sauyin ƙwayar halitta na H3K27M, da kuma dajin huhu mai sauyin EGFR da ya bazu zuwa tantani, inda sanin sauyin yake kai ga zaɓen ƙwayar magani irin osimertinib. Samfurin wannan gwaji ana tace shi ne da injin juyi a daskarar da ruwan saman a sanyin digiri 80 ƙasa da sifili, kuma yawanci manyan cibiyoyi ne ke yin sa, da tsada. Kafin dangi su sayar da kadara don a aika samfur waje, su tambayi likita ko sakamakon zai sauya maganin da za a bayar, da kuma ko maganin da zai nuna ana iya samun sa.

Bibiya bayan an fara magani

Ga masu lukimiya da limfomar Burkitt, ɗibar ruwa da zuba magani tafiya ɗaya suke yi: a ɗebi ruwa a aika gwaji, a zuba methotrexate ko cytarabine ta allurar nan kafin a zare ta. A nan akwai gargaɗin da duk ma'aikacin sashen daji ya kamata ya haddace, cewa vincristine ta jijiyar jini kaɗai ake ba da ita, shigarta ruwan laka kisa ne, don haka ba a ajiye ta a faranti ɗaya da magungunan baya. Wanda zai daɗe yana karɓar magani ta wannan hanya ana iya dasa masa ɗan ƙoƙon roba a ƙarƙashin fatar kai mai bututu zuwa ramin ƙwaƙwalwa, wanda likitan tiyata Ayub Ommaya, ɗan asalin Pakistan, ya ƙirƙiro a 1963, sai a riƙa ɗiba da zubawa ta nan.

Domin kwatance ya yi ma'ana, a riƙa ɗiba daga wuri ɗaya, da yawa iri ɗaya, a kai ɗakin gwaji ɗaya, domin ruwan da aka ɗiba ta ƙoƙon robar nan yana iya fitowa tsaf alhali na baya yana ɗauke da ƙwayoyi. Sakamako mai tsabta sau ɗaya ba a ɗaukar sa a matsayin nasara sai an maimaita bayan kimanin mako huɗu an sake samun haka, kuma ana haɗa shi da hoto da yadda majinyaci yake ji a jikinsa, tun da ƙwayoyi na iya ɓacewa daga ruwa ƙafa kuma tana ci gaba da rauni. Ga masu ƙarin ƙwayoyin tsiro, saukar AFP da hCG ita ce alamar magani yana ci, sake hawansu kuma yakan riga hoto nuna dawowar ciwo. Irin wannan ne ake fatan DNA zai yi wa sauran: a 2021 asibitin yara na St. Jude da ke Memphis ya bi sawun yara 123 masu medulobilastoma, ya ga waɗanda DNA na ƙarin ya ƙi ɓacewa daga ruwansu bayan magani sun fi fuskantar dawowar ciwon, kuma a wasu ruwan ya nuna hakan watanni kafin hoto.

Dangi su tanadi fayil guda su riƙa ajiye kwafin kowane sakamako, da kwanan wata, da wurin da aka ɗebi ruwan, da matsin da aka auna, da maganin da aka zuba ranar, su riƙa zuwa da shi duk lokacin ganin likita, musamman idan tiyata a wani gari aka yi, gashi kuma a wani garin za a yi.